Santsin Aro: Tarihin Daimon, Gogayya da Cinyewar Inji

A farkon shekarun 1940, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya tilasta wa jiragen yaƙi lulawa sama fiye da yadda aka saba domin kauce wa bindigogin ƙasa, wata matsala ta ɓullo wadda ta ɗaure wa injiniyoyi kai. A cikin janareton kowane jirgi akwai wasu 'yan guntayen baƙin kabon da ake kira burushi, waɗanda ke gogar ƙarfen da ke juyawa domin ɗauko wutar lantarki. A ƙasa, irin wannan burushi yakan yi ɗaruruwan sa'o'i yana aiki lafiya lau. Amma da zarar jirgi ya kai can ƙololuwa, inda iska ta yi sanyi ta bushe ƙamas, sai burushin ya shiga niƙewa yana zama ƙura, har ya ƙare cikin sa'o'i kaɗan, janareto ya mutu jirgi yana tsakiyar tafiya.

Abin mamakin shi ne da girafait ake yin burushin, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, wanda kowa ya sani da santsi. An yi wa matsalar maganin gaggawa ta hanyar cakuɗa wasu sinadarai a cikin burushin, amma cikakken bayani bai fito ba sai a 1948. A shekarar ne Robert Savage, wani mai bincike a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin General Electric da ke Schenectady a jihar New York, ya nuna cewa idan aka zuƙe iska daga inda girafait yake, santsinsa yakan gushe, ya koma yana cin kansa. Da zarar kuma an sako ɗan tururin ruwa, sai santsin ya dawo. Ashe santsin girafait na aro ne, daga danshin iska yake karɓo shi.

Wannan darasi ya sake dawowa sau da dama cikin shekaru saba'in da suka biyo baya, a kan ɗan'uwan girafait mai tsada, wato daimon, dutsen da Hausawa kan haɗa da lu'ulu'u a suna. Tarihin yunƙurin lulluɓe sassan inji da daimon, ko da wani abu mai kama da shi, tarihi ne na mutanen da suka nemi abu mafi tauri a duniya suna zaton shi kaɗai zai raba su da cinyewar ƙarfe, suka tarar cewa iska da danshi da man da ke kewaye da shi suna da ta cewa.

Dokokin da aka gano sau biyu

Gogayya, a ma'anar injiniyoyi, ita ce turjiyar da ke tasowa idan abu biyu suka haɗu ɗaya yana zamewa a kan ɗaya. Cinyewa kuwa ita ce abin da wannan zamewa ke gutsura daga jikinsu a hankali. Ana auna gogayya da lamba guda: idan akwati mai nauyin kilo 100 yana buƙatar ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 50 kafin a ja shi a ƙasa, ma'aunin gogayyarsa 0.5 ke nan. Ƙarfe a kan ƙarfe ba tare da mai ba yakan kai 0.5 zuwa 0.8. Idan an zuba mai, yakan sauko kusan 0.1.

Leonardo da Vinci ya rubuta dokokin gogayya na farko a littattafan ajiyarsa tun wajajen 1493, amma bai wallafa su ba, suka kwanta a takarda. Sai a 1699 Guillaume Amontons ya sake gano su ya gabatar a gaban majalisar masana kimiyya ta Faransa: gogayya tana ƙaruwa daidai da nauyin da aka ɗora, kuma ba ruwanta da faɗin wurin da abubuwan biyu suka haɗu. Charles-Augustin de Coulomb ya tabbatar da haka da gwaje-gwaje masu yawa a aikin da ya ci masa lambar yabo a 1781.

Dalilin da ya sa dokokin suke aiki bai fito fili ba sai da Philip Bowden da David Tabor na Jami'ar Kambirij suka wallafa babban littafinsu a 1950. Sun nuna cewa duk yadda aka goge ƙarfe ya yi sumul, idan aka duba shi da madubin ƙara girma, tudu da kwari ne. Fuskoki biyu ba sa haɗuwa sai a kan 'yan ƙololuwan tudun, kuma a nan matsin yana da tsanani har ƙololuwan sukan manne da juna kamar an yi musu walda. Jan abu a ƙasa yana nufin tsinka dubban irin waɗannan ƙananan waldodi. Saboda haka duk abin da ya shiga tsakani ya hana mannewar, ko mai ne, ko tsatsa, ko danshi, shi ne ke yanke hukunci.

A watan Maris na 1966, wani kwamiti na gwamnatin Birtaniya ƙarƙashin injiniya Peter Jost ya ƙiyasta cewa ƙasar za ta iya tsimin fam miliyan 515 a kowace shekara idan masana'antu suka kula da gogayya da cinyewa da shafa mai yadda ya kamata. Rahoton ne ya raɗa wa fannin suna tiraiboloji, daga kalmar Girkanci mai nufin guga. Daga nan gwamnatoci suka fara zuba kuɗi, kuma idon masu bincike ya koma kan abin da ya fi komai tauri.

Uwa ɗaya, hali daban

Girkawan da sun kira daimon da sunan da ke nufin wanda ba a iya rinjaya. A 1772 Antoine Lavoisier ya tattara hasken rana da wani ƙaton gilashi ya ƙone daimon ƙurmus, a 1797 kuma Smithson Tennant na Ingila ya tabbatar da cewa daimon kabon ne zalla, sinadari ɗaya da gawayi da girafait. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daimon ne a mataki na 10, mafi girma, girafait kuwa bai wuce mataki na 1 zuwa 2 ba.

Yadda sinadari ɗaya ya haifi abu biyu masu hannun riga ya bayyana ne a 1913, lokacin da William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka leƙa tsarin daimon da hasken eksire. Kowace ƙwayar zarra ta kabon tana da abin da za a iya kira hannaye huɗu. A cikin daimon, kowane hannu yana riƙe da maƙwabciya guda, a kusurwoyi huɗu, riƙo mai ƙarfi ta kowace fuska. A cikin girafait kuwa ƙwayoyin suna jeruwa ne shimfiɗa-shimfiɗa kamar tabarmin da aka jibga: kowace tabarma saƙarta da ƙarfi, amma riƙon da ke tsakanin wata da wata mai rauni ne.

Masu sana'ar goge daimon na Antwerp a Beljiyam sun daɗe da sanin cewa taurin dutsen yana da sharaɗi. Tun ƙarni na 15 suke goge shi a kan faifan ƙarfe mai juyawa wanda aka shafa wa garin daimon da man zaitun, kuma sun san cewa dutsen yakan gogu cikin sauƙi ta wata fuska, ya ƙi ko gezau ta wata. Ƙwararren mai goge dutse yakan juya shi har ya samo inda yake bayar da kai. Sai a 2011 masu bincike a cibiyar Fraunhofer da ke Freiburg a Jamus suka bayyana dalili ta hanyar lissafin kwamfuta: guga tana fisgar ƙwayoyin zarra na saman dutsen ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da su wata siririyar fata mara tsari wadda ke barewa ko ta ƙone a iska, kuma saurin fisgar ya danganta da fuskar da aka bi.

Daimon a inda babu iska

A iskar yau da kullum, daimon a kan daimon yana da santsi ƙwarai, ma'auninsa tsakanin 0.05 da 0.1, ba tare da ɗigon mai ba. Wannan ya sa aka ɗauka cewa santsi halinsa ne na asali, kamar taurinsa. Bowden da abokan aikinsa sun gwada wannan zato, da farko a 1951, sannan a tsakiyar shekarun 1960 da na'urorin zuƙe iska mafi inganci. Da suka riƙa goga daimon a kan daimon a cikin akwatin da babu iska, ma'aunin ya yi ta hawa har ya doshi 1, ninki goma ko fiye, kuma fuskokin suka fara yayyagewa. Da aka sako iska, santsi ya dawo.

Bayanin yana komawa kan hannayen nan huɗu. Ƙwayar zarra da ke tsakiyar dutse tana da maƙwabta ta ko'ina. Wadda ke can saman fuska kuwa hannunta ɗaya yana miƙe a sarari, ba abin da zai riƙe. A cikin iska, haidurojin da oksijin da ɓurɓushin ruwa sukan kama waɗannan hannaye su rufe su, ta yadda idan fuskoki biyu suka haɗu babu mai hannun da zai kama ɗan'uwansa. Guga tana share wannan murfi, iska kuma tana mayar da shi nan take. A inda babu iska, abin da aka share ya tafi ke nan, sai hannayen wannan fuska su damƙi na waccan da irin ƙarfin da ya sa daimon ya zama daimon. Ƙarfin riƙon da ke ba shi tauri shi ne kuma ke hana shi zamewa.

An daɗe ana muhawara ko santsin daimon yana zuwa ne daga rikiɗewar samansa zuwa girafait. A 2008 wani rukuni ƙarƙashin Robert Carpick na Jami'ar Pennsylvania, tare da masu bincike na cibiyar Argonne, ya binciki sawun guga a kan lulluɓin daimon bai ga girafait mai tsari ba, sai alamun rufe hannaye da ɓurɓushin ruwa. Abin da Savage ya gani a kan burushin jirgi ya sake tabbata a kan dutsen da ya fi kowanne tsada.

Daga matsi zuwa tururi

Kafin a yi zancen lulluɓe inji da daimon sai an iya ƙera shi. Kamfanin ASEA na Suwidin ya yi nasara a watan Fabrairun 1953 amma ya ɓoye labarin. A ranar 16 ga Disambar 1954, Tracy Hall na General Electric ya samar da daimon ta hanyar da wasu suka iya maimaitawa, kamfanin ya yi shela a farkon 1955. Hanyar tana buƙatar matsin da ya ninka na iskar duniya fiye da sau dubu 50, da zafi sama da digiri 1,400. Tana samar da tsakuwoyi da gari masu amfani wajen yanka da wasa kayan aiki, amma ba za a iya cusa sashen inji a irin wannan matsi a fito da shi da rai ba.

Akwai wata hanya da aka daɗe ana yi wa kallon mafarki: a tsiro da daimon daga iskar gas mai ɗauke da kabon, ba tare da matsi ba. William Eversole na kamfanin Union Carbide ya fara gwada ta a farkon shekarun 1950. Boris Derjaguin da Boris Spitsyn a Mosko, da John Angus a Cleveland, sun shafe shekaru suna fama da ita. Matsalarta ita ce girafait yana tsirowa tare da daimon, ya fi shi sauri, ya binne shi. A hankali aka gane cewa haidurojin da aka farfasa zuwa ƙwayoyi ɗai-ɗai yana cinye girafait da sauri ya ƙyale daimon. A 1982 da 1983, masu bincike a wata cibiyar gwamnatin Japan da ke Tsukuba, cikinsu har da Seiichiro Matsumoto da Mutsukazu Kamo da Nobuo Setaka, suka wallafa girke-girken da kowa zai iya bi: kusan kashi 1 cikin 100 na iskar metan a cikin haidurojin, a farfasa su da waya mai zafin digiri 2,000 ko da igiyar maikurowef, daimon ya sauka a kan abin da aka ajiye. Ɗoki ya kai matuƙa, har mujallar Science ta zaɓi daimon ɗin ƙira a matsayin sinadarin shekarar 1990.

Daga nan cikas ya fara bayyana. Abin da za a lulluɓe sai ya jure zafin digiri 700 zuwa 1,000, wanda ke lalata taurin yawancin ƙarafan inji. Lulluɓin yana fitowa da kaifafan ƙololuwa, yana cin abin da ya goga kamar magagari, goge shi ya yi sumul kuma aiki ne mai tsada. Mafi muni, daimon ba ya shiri da baƙin ƙarfe: idan guga ta yi zafi, kabon yakan narke ya shige cikin ƙarfen, sai abu mafi tauri a duniya ya cinye a gaban wanda bai kai shi ba. Shi ya sa masu yankan ƙarfe suka koma ga wani sinadari na boron da naitirojin wanda Robert Wentorf na General Electric ya ƙirƙiro a 1957. Lulluɓin daimon na gaske ya samu gurbinsa a kayan yankan alminiyam da girafait da kayan jikin jirgin sama, da zobban toshe yoyo na famfunan masana'antu, amma bai mamaye duniyar inji yadda aka yi hasashe ba.

Ɗan'uwan da ba a sa wa rai ba

Wanda ya mamaye ta wani abu ne da ya shigo ta bayan gida. A 1953, Heinz Schmellenmeier a Jamus ta Gabas ya ba da rahoton wata baƙar fata mai tauri da ta sauka a cikin na'urarsa lokacin da ya ratsa iskar asitilin da wutar lantarki. Kusan ba wanda ya kula. A 1971, Sol Aisenberg da Ronald Chabot a Amurka suka harba ƙwayoyin kabon masu ɗauke da caji a kan abubuwa daban-daban a zafin ɗaki, suka samu fata mai tauri wadda haske ke ratsawa, ba ta kuma wuce da lantarki. Su ne suka kira ta kabon mai kama da daimon, sunan da injiniyoyi ke taƙaitawa da DLC.

Wannan abu ba shi da jeren ƙwayoyi mai tsari. Cakuɗe ne na riƙon daimon da riƙon girafait, a hargitse kamar gilashi, sau da yawa da haidurojin a ciki. Ƙwayoyin da aka harba suna nutsewa ƙarƙashin fuska su matse juna, matsin ya tilasta wa wasunsu riƙo irin na daimon. Fa'idarsa a bayyane take: yana sauka a zafin da bai kai digiri 200 ba, yana fitowa sumul, kuma yana kama ƙarfe idan an sa masa shimfiɗar kuromiyam ko silikon a tsakani. Kaurinsa bai cika wuce maikuromita 1 zuwa 5 ba, alhali silin gashin mutum yana kusan 70. Sunan DLC kuma na dangi ne masu yawa, daga mai haidurojin da yawa mai ɗan laushi, zuwa mara haidurojin wanda taurinsa ya doshi na daimon.

A 1980, Enke da Dimigen da Hübsch na ɗakin binciken kamfanin Philips a Hamburg suka auna gogayyar irin mai haidurojin a kan ƙarfe. A busasshiyar iska ma'aunin ya sauka kusan 0.02. Da suka ƙara danshi, sai ya yi ta hawa har ya doshi 0.2. Wannan kishiyar halin daimon da girafait ne, waɗanda danshi ke taimaka wa. Dalili shi ne haidurojin da ke cikin fatar ya riga ya rufe hannayen tun daga ciki, ruwa kuwa shigowarsa katsalandan ne kawai. Irin mara haidurojin yana bin halin daimon: ya yi santsi a danshi, ya turje a busasshiyar iska.

Hukumar NASA ta ɗauki batun da muhimmanci, domin a sararin samaniya mai yakan ƙafe ko ya daskare, kuma kuskure ba ya gyaruwa. A watan Afrilun 1991, babbar eriyar kumbon Galileo mai zuwa duniyar Mushtari ta ƙi buɗewa, haƙarƙari 3 cikin 18 suka maƙale, kuma bincike ya fi karkata ga cewa busasshen man da aka shafa wa fil ɗinsu ya goge tun a ƙasa. A cibiyar NASA da ke Cleveland, Kazuhisa Miyoshi ya shafe shekarun 1990 yana gwada lulluɓin daimon da na DLC a yanayi uku: iska mai danshi, busasshen naitirojin, da wurin da babu iska. Sakamakon ya nuna cewa lulluɓi ɗaya zai iya yin fice a wani yanayi ya ba da kunya a wani.

A ƙarshen shekarun 1990, Ali Erdemir, ɗan asalin Turkiyya mai aiki a cibiyar Argonne kusa da Chicago, ya ƙera DLC mai cike da haidurojin wanda ma'auninsa ya sauka zuwa 0.001 a busasshen naitirojin. Teflon, wanda ake misali da shi wajen santsi, yana kusan 0.04. Da ma'aunin 0.001, ƙarfin ɗaga kilo ɗaya ya isa a ja tan guda. Amma a iskar ɗaki mai danshi, ma'aunin yakan ninka sau da dama.

Daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa

Babbar kasuwar DLC ta farko ita ce faifan ajiya na kwamfuta. Kan da ke karanta bayanai yana shawagi dab da faifan, yana taɓa shi lokaci-lokaci, don haka tun shekarun 1980 ake lulluɓe faifan da kabon. Yayin da ake neman cusa ƙarin bayanai, an yi ta rage kaurin fatar daga gomman nanomita zuwa 2 ko 3, wato kaurin 'yan ƙwayoyin zarra goma sha. A 1998 kamfanin Gillette ya fito da rezar Mach3 mai bakin da aka lulluɓe da DLC, abin da ya ba da damar sirirta bakin ba tare da ya lanƙwashe ba.

A injin dizal buƙatar ta fi tsanani. Da aka fara rage farar wuta a cikin man dizal domin tsabtace hayaƙi, tacewar ta tafi da wasu sinadaran da ke ba man santsi, har famfunan mai suka riƙa lalacewa a Suwidin a farkon shekarun 1990. A 1997 kuma aka shigo da sabon tsarin fesa mai a motocin fasinja wanda ya fara da matsin ba 1,350, daga baya ya haura 2,000. Sassan nozul da famfo suna gogar juna a wannan matsi ba su da abin shafawa sai dizal ɗin kansa. DLC ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka sa tsarin ya ɗore, daga nan ya bazu zuwa ringi da fil ɗin fistin da sassan bawul.

A nan ma tsohon darasi ya biyo baya. An tsara sinadaran da ke cikin baƙin man inji ne domin su yi aiki a kan ƙarfe. A kan DLC wasunsu ba sa tsinana komai, wani mai ɗauke da molibdinam ma an gano yana hanzarta cinyewar irin mai haidurojin. Makoto Kano da abokan aikinsa a kamfanin Nissan sun gano cewa irin mara haidurojin yana yin santsi matuƙa idan man yana ɗauke da sinadarai dangin gilisarin, waɗanda ke kama hannayen fuskar kamar yadda ruwa ke yi wa daimon. A 2006 kamfanin ya fara sa wannan lulluɓi a sassan bawul na wasu injunansa. Nasarar ta samu ne da aka tsara fata da mai tare.

Inda aka yi sakaci da yanayi, an ji jiki. A Jamus an dasa wa marasa lafiya ƙashin ƙugu na ƙira mai kan da aka lulluɓe da DLC, bayan gwajin ɗaki ya nuna alamun nasara. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa cikin kimanin shekaru takwas da rabi, kusan rabinsu sun buƙaci sabuwar tiyata. Ruwan jiki ya sami ƙananan ramuka a fatar, ya ci shimfiɗar da ke ƙarƙashinta a hankali, fatar ta ɓamɓare, kaifafan ɓaraguzanta suka shiga yankar robar gaɓar. Taurin da aka nema shi ya ƙara ɓarnar.

Abin da ake tsimi

A 2012, Kenneth Holmberg na Finland da Peter Andersson da Erdemir sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin man da motar fasinja ke sha yana tafiya ne wajen yaƙi da gogayya a inji da giya da tayoyi da birki. A 2017, Holmberg da Erdemir suka faɗaɗa lissafin: kimanin kashi 23 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi yana da alaƙa da gogayya da cinyewa, kashi 20 wajen rinjayar gogayya, kashi 3 wajen sake ƙera sassan da suka cinye. Fatar da ba ta kai kaurin gashi ba tana taɓa lissafin man fetur na ƙasashe.

Iyakokinta kuma sanannu ne. Irin mai haidurojin yakan fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 300 zuwa 400. Matsin da ke cikinta yana hana a yi ta da kauri. Idan ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya lotsa, takan tsage kamar ɓawon ƙwai. Kuma halinta yana bin iskar da take ciki. Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi ga duk mai sayen janareto ko famfo ko injin masana'anta a yankin Sahel, inda danshin iska ke faɗuwa ƙasa ƙwarai a lokacin hunturu ya kuma yi sama da damina, ga ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ɗauke da ɓurɓushin ma'adanai masu cin ƙarfe. Idan dillali ya ce sashen injinsa yana da lulluɓin daimon, bai faɗi komai ba tukuna, sai ya bayyana wane iri ne, mai haidurojin ko mara shi, a wane danshi aka gwada shi, da wane mai, kuma a kan wane ƙarfe.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. A fagen gogayya kuwa duk santsin da ake taƙama da shi na aro ne, ko daga tururin ruwa, ko daga haidurojin, ko daga man inji. Aikin injiniyoyi tun daga zamanin Savage shi ne gano wanda ke ba da aron, da tabbatar da cewa yana nan a duk inda injin zai yi aiki, ko a cikin nozul ɗin dizal, ko a gaɓar ɗan Adam, ko a kan hanyar Mushtari.